Bayan An Tsamo Mutum Daga Ruwa, Wa Zai Mayar Da Shi Bakin Aikinsa?

A wannan mako takardu uku muka haɗa wuri ɗaya, domin ko da yake daga garuruwa dabam-dabam suka fito, in ka duba sai ka ga bakinsu ɗaya.

Ta farko daga wata tunga ce kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Mai takardar ya ce ƙanensa masunci ne, jirgi ya kife da su, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma ya karye a hannu. An yi ɗori, ƙashi ya kama, sai dai yatsun sun ƙi damƙar filafili, kuma tun daga ranar ko bakin ruwa ba ya son zuwa, sai zama a zaure. Ta biyu wata baiwar Allah ce daga ƙasar Shanga. Mahaifiyarta na fama da shanyewar ɓarin jiki, ambaliya ta kore su suka yi makonni a makarantar firamare, da suka koma gida sai ga gyambo a ƙugun tsohuwa. Ta uku kuwa wani ɗan kasuwa ne mai sayen albasa da busasshen kifi a Yelwan Yauri. Ya ce ya ji a rediyon ƙasashen waje in an yi girgizar ƙasa ko ambaliya ana tura wasu ma'aikata waɗanda ba likitoci ba ne, ba kuma nas-nas ba, wai masu warkarwa da aiki. Yana tambaya su wane ne, kuma muna da su a nan Nijeriya?

To, Alhaji, bari mu fara da taka, tunda amsarta ita za ta buɗe mana ƙofar sauran biyun.

Muna da su. In ka shiga babban asibiti sunan sashen nasu da Turanci shi ne okufeshonal terafi, amma ma'aikata gajarta shi suke yi su ce O.T. Riƙe wannan gajeren suna, shi za ka tambaya a nuna maka ƙofa. Aikinsu a taƙaice shi ne mayar da mutum bakin aikinsa. Kuma fa in sun ce aiki, ba sana'ar neman kuɗi kaɗai suke nufi ba. Duk abin da ɗan Adam yake yi daga asuba zuwa kwanciya aiki ne a wurinsu: kewayawa, alwala, sa riga, cin tuwo da hannunka, goyon yaro, gyaran koma, zuwa kasuwa, zaman hira a dandali. Likita yana duban ciwo. Mai gashin ƙashi, watau fisiyo, yana duban gaɓa da jijiya, ko ƙafa za ta taka, ko hannu zai ɗagu. Shi kuwa jami'in O.T. tambayarsa ta farko ita ce, malam, me kake yi kafin abin nan ya same ka, me kuma ka fi so ka koma yi? In ka ce su, to daga koma da filafili zai fara lissafi. In ka ce noman albasa, daga fartanya da shiga kwami zai fara.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1917 aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka, lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Sojoji suna dawowa daga fagen fama, wani ba hannu, wani ba ƙafa, wani kuwa jikinsa lafiya lau amma firgita ta hana shi barci. Sai aka lura wanda aka ba shi saƙa ko sassaƙa yana yi ya fi saurin dawowa hayyacinsa a kan wanda aka bari kwance yana kallon rufin ɗaki. A 1952 suka kafa ƙungiya ta duniya baki ɗaya, kuma a farkon shekarun 1950 ɗin ne aikin ya shigo Nijeriya ta asibitin koyarwa na Ibadan. Akwai ma abin alfahari namu na gida. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa a Aro kusa da Abeokuta, ya ƙi yarda a kulle masu taɓin hankali a ɗaki. Sai ya sauke su a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane tare da ɗan'uwansa, da rana a yi musu magani, sauran lokaci suna cikin jama'a ana harkokin yau da kullum da su. Har daga ƙasashen waje aka riƙa zuwa kallon wannan tsari. Daga baya, a 1988, gwamnatin tarayya ta yi doka mai lamba 38 wadda ta kafa hukumar da ke yi wa waɗannan ma'aikata rajista tare da masu gashin ƙashi da masu gyaran magana. Ana koyar da aikin a makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba su da yawa, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Inda aka fi samunsu shi ne asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware kusa da Sakkwato da na Barnawa a Kaduna, da asibitocin koyarwa. Mutumin tunga a bakin tafkin Kainji sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga guda. Shi ya sa za mu tsawaita bayani a kan abin da suke yi, don da yawa daga ciki kai ma za ka iya yi a gida da abin da ke hannunka.

Ku mutanen wannan yanki ba sai an ba ku labarin masifa ba. Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kacal. Ba a share makoki ba, ranar 17 ga Yuni na shekarar 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023. A watan Oktoba na 2023 wani jirgin ya sake kifewa da 'yan kasuwa a kan hanyarsu ta zuwa Yauri. Ambaliyar 2020 ta cinye dubban ɗaruruwan kadada na shinkafa a Jihar Kebbi, ta 2022 kuwa ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Ga ramukan haƙar zinariya da kan rufta da matasa.

Kowane lokaci abin da ake yi ɗaya ne. Masu ninƙaya su shiga ruwa, a yi jana'iza, manya su zo jaje, a kawo shinkafa da tabarmi da barguna, 'yan jarida su ɗauki hoto, bayan mako biyu kowa ya kama gabansa. Ba mu raina wannan ba, Allah ya saka. Amma wanda ya tsira fa? Shi ba a lissafa shi cikin matattu ba, ba kuma ya koma cikin masu lafiya ba. A nan ne aikin jami'in O.T. yake farawa, daidai inda motocin agaji suka juya.

Dattawanku ma sun san irin wannan ciwo tun kafin a haifi yawancinmu. Da aka datse Kwara a Kainji tafki ya cika a 1968, kimanin mutane 44,000 aka tayar. Tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa suka bar tsibiransu inda suke noman albasa na rani tun kaka da kakanni, aka gina musu gidajen siminti a tudu. An ba da ɗaki, amma ɗaki ba ya maye gurbin gonar da mutum ya saba da ita. Wanda aka raba da aikinsa an taɓa wani abu a jikinsa wanda allura ba ta kai wa.

To, malam na Wara, mu zo kan ƙanenka. Ciwo biyu yake ɗauke da su, na hannu da na zuci, kuma kowanne da hanyarsa.

Hannun da ya daɗe a ɗaure, ko a kara ko a filasta, gaɓoɓinsa sukan sandare, naman ya zube. Wannan ba maita ba ce, ba kuma iskar ruwa ba. Da a ce tun yana cikin ɗorin an sa shi yana motsa yatsu da kafaɗa kullum, yana ɗaga hannun sama da ƙirji don kumburi ya sauka, da bai kai haka ba. Yanzu abin yi na farko shi ne a kai shi babban asibiti a ɗauki hoton ƙashin, a duba ko ya kama daidai, a kuma gwada ko jijiya ta taɓu. In ɗan yatsa ba ya jin tsinin allura, ko tsintsiyar hannu ta saki tana lilo, to maganar jijiya ce, kada a tsaya gida. In kuwa sandarewa ce kawai, ga yadda jami'in O.T. yake bi da ita. A tsoma hannun cikin ruwan ɗumi, ɗumin da jariri zai iya wanka da shi, na ɗan lokaci. Sa'an nan ya lanƙwasa yatsu da kansa iyakar inda za su je, ya miƙe su, sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan. Ban da a danne shi a murɗe yatsun da ƙarfi, wannan kumburi yake ƙarawa, gobe hannun ya fi jiya tauri. Daga nan sai a ba hannun aiki na gaske: matse soso a ruwa, cuɗa yumɓu, tsince wake, ɓarar gyaɗa, jan casbi, har a kai ga ƙulla igiyar koma. Dalili shi ne, in ka ce wa mutum ya buɗe hannu ya rufe sau ɗari, kafin ashirin ya gaji ya bari. Amma ba shi kalli mai huji ya gyara, zai yi motsin nan sau ɗari biyar bai sani ba, ga shi kuma da yamma akwai abin da zai nuna ya ce ni na yi.

Filafilin ma ana gyara masa shi. Hannun da ba ya rufewa sosai ba ya iya riƙe siririn abu, amma yana riƙe mai kauri. A naɗe mariƙin da robar tayar keke ko tsumma har ya cika masa hannu. Haka ake yi wa ƙotar fartanya, da lauje, da cokali, da wuƙar gyaran kifi. In yatsu ba sa kamawa sam, a yi maɗauri na fata ko roba wanda zai zagaya bayan hannu ya riƙe kayan aikin. Duk baduku ko maƙeri na kasuwar Wara zai iya wannan in an kwatanta masa.

Bari mu ɗan ratse a nan saboda masu ɗori. Muna girmama su, sun taimaki jama'a tun kafin a san asibiti. Amma duk ɗorin da ya sa yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canja launi, ko ciwon ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, to ya matse jini. A sassauta shi nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Yara da yawa a arewacin ƙasar nan sun rasa hannu ba don karayar ba, sai don ɗaurin.

Ciwon zucin shi ya fi wuyar gani. Mutumin da ya ga abokan tafiyarsa suna nutsewa, wataƙila har wani ya riƙe rigarsa ya fizge, ba zai kwana biyu ya manta ba. Mafarki, firgita in an buga ƙofa, saurin fushi, ƙin cin abinci, gudun duk abin da zai tuna masa ranar, duka waɗannan jiki ne yake amsa abin da ya gani. Ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da ake tashin hankali, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da irin wannan damuwa ta ƙwaƙwalwa. Yawancin mutane sukan samu sauƙi cikin makonni in suna tare da danginsu, wasu kuwa abin yakan zauna musu.

Abu biyu ne kada ku yi. Kada ku tilasta masa ba da labarin abin da ya faru ga duk wanda ya zo gaisuwa. In ya so magana ku saurara, in ya yi shiru ku zauna tare da shi a shirun. Kada kuma samari su ɗauke shi cak su jefa a jirgi wai don tsoro ya fita. Tsoron ba ya fita ta haka, ninkuwa yake yi. Jami'in O.T. mataki-mataki yake bi, sannu ba ta hana zuwa. Makon farko a kawo masa koma gida yana gyara. In ya saba, ya riƙa raka ka inda ake banda yana taya juya kifi. Gaba kaɗan ya zauna a tudu inda yana hango ruwa, ya daɗe a nan har bugun zuciyarsa ya lafa kafin ya tashi, domin in ya gudu tun tsoron yana kan ganiyarsa, gobe sai ya fi haka. Daga nan bakin ruwa, alwala a gaɓa, zama cikin jirgin da ke ɗaure, sa'an nan gajeriyar tafiya a ruwa marar zurfi da rigar ruwa a jikinsa, tare da wanda ya amince da shi. Shi zai ce a ci gaba ko a dakata, ba ku ba. Kuma a tsara masa yini: lokacin tashi, jam'i a masallaci, lokacin aiki, lokacin barci. Zaman zaure ba iyaka shi ne abincin wannan ciwo. Addu'a da sadaka ku ci gaba da yi, ba sa karo da wannan ko kaɗan. Ku sa ido kada abokai su koya masa Tramol ko makamancinsa wai don ya samu barci. In an wuce wata guda abin bai ragu ba, ku nemi sashen ƙwaƙwalwa a Birnin Kebbi ko Kware. In kuwa ya fara cewa gara ma ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira wata, a tafi a ranar.

Mai yiwuwa bayan duk wannan ya ce shi da ruwa har abada. Ba faɗuwa ba ce. Mai saƙa koma, mai banda, mai gyaran injin jirgi, dillalin kifi, duk a cikin sana'ar suke, kuma sanin ruwan da ya tara ba zai tafi a banza ba.

Yanzu ke 'yar'uwa ta Shanga, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Inna lafiya. Gyambon nan na kwanciya ne. In mutum ya daɗe a kan ɓari ɗaya, ƙashi yana danne fata a kan daɓe, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu daga ciki. Mai lafiya yana juyawa cikin barci bai sani ba, wanda jikinsa ya shanye ba ya iyawa. Simintin aji kuwa da tabarma ɗaya, ga fitsari, ga zafi, kwana kaɗan ya isa. A juya ta kowane awa biyu, dama, baya, hagu. In ba agogo, ki lura da lokutan salla ki ƙara juyi ɗaya ko biyu a tsakaninsu, da dare ma a tashi. Kullum ki duba ƙugu, da gindin baya, da diddige, da kafaɗa. Wurin da ya yi duhu ko ya yi zafi, ko ya yi tauri, gyambo ne yake sallama, kada a sake kwantar da ita a kansa sai ya koma daidai. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage diddige daga shimfiɗa, zane ya zama busasshe ba ƙudurewa. Gyambon da ya riga ya buɗe a wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce da ɗan gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta, ban da barbaɗa toka ko garin kafso. In yana wari, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, sai asibiti. Ki ba ta kifi da wake da ƙwai gwargwadon hali, nama ba ya tsirowa da kunu zalla.

Wani abin kuma, kada tausayi ya sa ku yi mata komai. In hannu ɗaya yana aiki, ta ci abinci da kanta, a zaune sosai ba a kwance ba, don kada ta shaƙe. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Kada a ja ta ta wannan hannu in za a tayar da ita, kafaɗar za ta iya gocewa. Kafinta ya huda kujerar katako a sa bokiti a ƙasa, ta huta da tsuguno, a kafa gora mai ƙarfi a jikin bango inda za ta dafa. Da rana a fito da ita tsakar gida a ba ta tsintar shinkafa ko jiron jika. Tsohuwar da ake tambayarta gishiri ya ji ko bai ji ba, ta fi wadda aka rufe a ɗaki son tashi.

Abin da ya same ku a makarantar nan shi ne ainihin dalilin da ya sa ake tura jami'an O.T. sansanin 'yan gudun hijira. Shi in ya shiga sansani ba buhu yake ƙirgawa ba. Zagayawa yake yi yana tambaya: wa ba ya iya tafiya? Wa ba ya gani? Wa ya baro sandarsa ko kekensa a ruwa? Sai ya sa a ba tsofaffi da guragu ajin da ya fi kusa da makewayi da ruwa, a ja igiya daga ƙofa zuwa bayan gida don makaho ya bi, a cike matakala da ƙasa don keke ya hau, a kai wa marasa ƙarfi rabonsu inda suke, tunda a layin rabo mai ƙarfi ne yake samu. Yara ya haɗa musu wasa da karatun allo a kan lokaci, domin yaron da ya firgita ba ya iya faɗa da baki, sai dai ka ga ya koma fitsarin kwance ko ya manne wa uwa. Manya kuma ya raba musu aiki, masu dafuwa, masu shara, masu gadi, don kada mutumin da jiya yake ciyar da gida ashirin ya wayi gari ba abin da yake yi sai miƙa kwano. An yi irin wannan aiki a Haiti bayan girgizar ƙasa ta 2010, da Nepal a 2015. A Japan kuwa, da igiyar teku ta afka musu a 2011, an gano cewa yawan mutuwa a cikin naƙasassu ya kusa ninka na sauran jama'a. Ƙasa mai arziki ke nan fa.

Wannan ya kawo mu ga aikin da ake yi tun ruwa bai zo ba, kuma shi ne mafi araha. Ku kun fi kowa sanin Kwara tana cika sau biyu: farin ruwa na damina wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa mai tasowa daga duwatsun ƙasar Gini wanda yake isowa da sanyi. Tunda an san lokaci, me zai hana mai unguwa da liman da sarkin ruwa su zauna kafin Agusta su rubuta sunan duk wanda ba zai iya gudu da kansa ba, tsoho, gurgu, makaho, kurma, mai ciki, mai taɓin hankali, kowanne a ɗora shi a wuyan mutum biyu sanannu, a san jirgi ko amalanken da zai ɗauke shi? Kurma ba ya jin shela, sai an je an taɓa shi. Magungunan hawan jini da na farfaɗiya da katin asibiti a ƙulle su a leda wuri ɗaya. Haka in harin 'yan bindiga ne ake tsoro. Wanda aka ciro daga rami ko ƙarƙashin bango yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a ɗora a babur. A sa shi a kan ƙyauren ƙofa, kai da jiki a miƙe kamar gungume, mutum ɗaya yana riƙe da kan. Wanda wutar fetur ko ta banda ta ƙona, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta na minti 20, ban da baƙin mai, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Lokacin jinya kuma a riƙa miƙe gwiwar hannu, a buɗe hammata, a raba yatsu, in ba haka ba fata za ta warke a ƙanƙance ta haɗe su.

Tun bayan taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya take koyar da cewa inda ƙwararru suka yi ƙaranci, a horar da mutanen gari su yi wannan aiki a gidajensu, ƙwararre ya riƙa zagayowa yana dubawa. Wannan shi ya dace da ku. Saboda haka, Alhaji na Yelwa, ku 'yan kasuwa da ƙungiyoyin masunta da na masu jirage kuna da baki. Hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun ruwa, wadda hedkwatarta ke Minna, ta raba rigunan ruwa a wannan yanki, hukumar NIWA tana da ofis a Yauri, ga NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha. In sun zo, bayan godiya, ku roƙi a turo jami'in O.T. da mai gashin ƙashi ko da sau ɗaya a wata zuwa babban asibitin Yauri, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Ngaski da Shanga da 'yan sa-kai na agaji. Ku rubuta a takarda, ku bi ta hannun hakimai da fadar Sarkin Yauri. Ba alfarma kuke nema ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a lokacin haɗari da agajin gaggawa a kula da su musamman, kuma a ba su gaba a layi. Wanda aka yanke wa ƙafa kuwa, ana yin ƙafar roba a Dala, haka kuma ƙungiyar taimakon kutare ta The Leprosy Mission tana da wurin ƙera ƙafa da takalma a Chanchaga ta Minna. Kafin a kai ga can, a riƙa naɗe dungun da bandeji, a hana gwiwa lanƙwashewa, ban da sa matashi a ƙarƙashinta, domin gwiwar da ta ƙage ba ta karɓar ƙafar roba. In ya ce yana jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su, kada a yi masa dariya, jijiyoyin ne ba su san an yanke ba tukuna.

Masu tambaya a kan tsutsar albasa da maganin ƙwarin busasshen kifi, takardunku sun iso, sai a fili na gaba in Allah ya kai mu.